ANASARA DABAM, MAƘWABCI DABAM

Jawabin da wakilinmu ya gabatar gaban ƴan kasuwa da ma'aikata a Zabori



An nemi in yi magana a kan zaman addinin Kirista cikin al'adunmu. Wani zai ce mene ne na ɓata lokaci, tunda ƙidayar 2012 ta nuna Kiristoci ba su kai mutum ɗaya cikin ɗari ba a Nijar? To, mu tuna ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015. Zanen ɓatanci da jaridar Charlie Hebdo ta buga a Faris ya sosa ran Musulmi, amma wutar a Damagaram da Yamai ta ci. Mutum 10 suka rasa rayukansu, ƴan sanda kuma suka ƙirga majami'u 45 da aka ƙona a Yamai kaɗai. Masu ibada a ciki ba su yi zane ba, da yawansu ko ƙasar Faransa ba su taɓa takawa ba. Yaya aka yi laifin Faris ya faɗa kan ɗan ƙasa?

A ganina, amsar tana cikin kalma guda da muke furtawa kullum: Anasara. Asalinta Larabci ne, sunan mabiya Annabi Isa. Amma kakanninmu na ƙasar Arewa da bindiga suka fara ganin Bature, ba da littafi ba. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ratsa wannan yanki tana ƙona garuruwa, har ta yi karo da Sarauniya Mangu a Lugu. Sai muka laƙaba wa mai bindigar sunan Anasara. Tun daga nan kalmar ta ɗaure abu uku a ƙulli ɗaya: farar fata, mulkin mallaka da addini.

Tarihi kuwa bai yarda da wannan ƙulli ba. Sarakunan Habasha sun karɓi addinin Kirista tun ƙarni na 4, fiye da shekara ɗari kafin a yi wa Clovis, sarkin kakannin Faransawa, baftisma. Malamanmu sun fi ni sanin cewa wajen shekara ta 615, sarkin Habasha Najjashi, Kirista, shi ya ba sahabbai mafaka. A ƙasarmu, mishan ta SIM ta sauka Damagaram a 1924, ta bazu zuwa Tsibiri da Dogon Dutsi da Gesheme nan kusa da mu, ta buɗe asibitin Galmi a 1950. Katolika suka zauna Yamai a 1931. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, kumandan na Faransa kansa bai saki jiki da mutanen SIM ba, domin masu jin Ingilishi ne.

To, me wannan addini ya ɗauka daga gare mu, me kuma ya ƙi?

Na farko, harshe. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, bisa aikin Likita Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa, aka sabunta fassarar a 1979. Duk wanda ya buɗe shi zai tarar da Allah, annabi, mala'ika, addu'a, azumi, zunubi, tuba da gafara. Waɗannan kalmomi malaman Musulunci ne suka dasa su cikin Hausa. Ke nan Bahaushe Kirista da kalmomin da ya gada a zauren kakansa yake roƙon Ubangiji. Katolika ma, bayan babban taronsu na Batikan na 1962 zuwa 1965, sun ba harsunan gida wuri cikin ibada, inda a da Latin ake yi.

Na biyu, zaman duniya. Kirista Bahaushe yakan yi suna, a raba goro, fasto ya yi addu'a, a raɗa wa yaro Musa ko Dauda ko Maryamu, ko kuwa Alheri da Godiya. Yakan kai gaisuwar iyaye wajen neman aure, yakan durƙusa wa surukinsa, yana jin kunyar ɗan fari. Shugabanci ma ya dawo gida: jim kaɗan bayan ƴancin kai na 1960 ƴan ƙasa suka kafa ekilisiyar EERN, a 2014 kuma aka naɗa Laurent Lompo, ɗan Nijar na farko da ya zama babban bishop na Yamai.

Na uku, abin da ya ƙi. Ekilisiya ba ta yarda da auren mace fiye da ɗaya ba, ba ta yarda da bori da yanka wa iskoki ba. A kan na biyun, ita da malamai bakinsu ɗaya. Musulunci kansa ya yi ƙarnuka yana tankaɗe da rairayar al'adun Hausa, har zuwa wa'azin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Gobir da Kabi da Zamfara. Kowane addini mai littafi haka yake da al'ada: ya ɗauki wani abu, ya gyara wani, ya ture wani.

Amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Akwai laifi ta ɓangarori biyu. Wasu Turawan mishan na farko sun ɗauki kiɗa da yawancin bukukuwanmu a kan arnanci, suka tara sababbin mabiya kewaye da gidan mishan, har yaro ya zama baƙo ga dangin ubansa. Mu kuma, akwai gidajen da suka daina cin abinci da ɗan'uwa, suka daina taka ƙofarsa ko da ranar rasuwa. Su suka fara gina katangar, mu muka ɗora mata tubali. Katangar nan ce ta sa aka iya cinna wuta a 2015.

Alhazai, shekara da shekaru kuna ciniki a Kamba da Malanbil da Ibo da Yarbawa da mutanen kudancin Benin, da yawansu Kiristoci. Kun ba su kaya bashi, sun ba ku, ba takarda sai amana. Amanar da kuka ba baƙo a kasuwa, me zai hana ku ba ɗan'uwa a unguwa?

Ƴan uwana ma'aikata, tsarin mulkin 26 ga Disamba 1992, wanda ya biyo bayan taron ƙasa na 1991, ya raba addini da mulki bayan doguwar muhawara, ya amince wa kowa da ƴancin ibada. Amma doka a takarda take, ku ne hannunta. In takardar fili ko ta neman aiki ta zo teburinku, sunan Bulus kada ya sa ta kwana, sunan Muhammadu kada ya sa ta tsallake layi.

Ku kuma ƴan uwa Kiristoci, kada ku ja jiki ku koma tsakaninku. Zumunta a ƙafa take. Ku zo suna, ku zo gaisuwar mutuwa, ku zo gayya a gona. Wanda ake gani kullum a kan tabarma, da wuya a kira shi ɗan aiken Faransa.

A cikin hayaƙin 2015 an sami Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu Kiristoci cikin gidajensu. Ba Anasara suka gani ba, maƙwabci suka gani, wanda suka san uwarsa da ubansa. Al'adarmu ta gaskiya ke nan, ita ya kamata mu koya wa ƴaƴanmu tun wuta ba ta tashi ba.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya.