Da Wane Mudu Muke Auna Karatun 'Ya'yanmu?

Kowa ya san a bikin kamun kifi na Argungu ba a ba masunci kyauta sai an ɗora kifinsa kan sikeli. To mu, da me muke auna karatun 'ya'yanmu?

Tun shekarar 2000 ƙungiyar OECD take shirya jarrabawar PISA ga yara 'yan shekara 15, a karatu da lissafi da kimiyya. Hikimarta ita ce, ana ɓoye wasu tambayoyi a maimaita su a zagaye na gaba, domin mudun ya zama ɗaya. Da haka ne asirin ƙasar Finlan ya tonu. A 2000 ita ce ta ɗaya a karatu da maki 546, duniya tana tururuwa zuwa koyon dabararta. A 2022 makin ya sauko zuwa 490. Ba don mudun bai canja ba, da har yau tana cin tsohon suna.

Kada mu ce wannan sha'anin Turawa ne. Maƙwabtanmu na Nijar, waɗanda muke cin kasuwa da su ta Kamba da Gaya, sun shiga gwajin PASEC na ƙasashe masu amfani da Faransanci. A 2014 suna can ƙasa a cikin ƙasashe 10. Sun ji kunya, amma sun san matsayinsu, kuma a 2019 aka ga sun matsa gaba.

Mu kuwa, wani zai ce ai muna da WAEC tun 1952, wadda Gana da Saliyo da Gambiya da Laberiya suke rubutawa tare da mu, ga kuma NECO tun 1999. Haka ne. Amma tambayoyinsu sabbi ne kowace shekara, kuma sakamakon bai ƙirga yaron da ya bar makaranta ya koma fadama noman shinkafa ba, balle yarinyar da ba ta gama firamare ba. Ga kuma annobar satar amsa, wadda wasu iyaye da kansu suke biyan kuɗinta.

Saboda haka, in an ce mana ɗaliban Kwalejin Nagari ta Birnin Kebbi ko ta Kanta a Argungu sun fi na bara cin jarrabawa, sai mu tambaya: yaran ne suka ƙaru, ko mudun ne ya ƙanƙance? Muna kira ga hukumomin ilmi na jiha su tsayar da gwaji ɗaya na karatu da lissafi ga 'yan aji huɗu, a maimaita shi duk bayan shekara uku, a kuma bayyana sakamakon kowace ƙaramar hukuma a fili.