Idan Kamfani Ya Karye, Ina Makomar Kuɗinka?

 

Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Mai doya yana loda mota zuwa Akra ko Kumasi a kan alkawarin biya, mai shanu yana haka, mai masara yana haka. To, idan kamfanin da ya karɓi kayanka ya karye fa?

Mun ga irin wannan da idonmu. A watan Agusta 2017 Babban Bankin Gana ya soke lasisin UT Bank da Capital Bank. A 2018 aka haɗe bankuna biyar suka koma Consolidated Bank Ghana. A watan Mayu 2019 kuma aka soke lasisin ƙananan kamfanonin ajiya da rance guda 347. Mutane da yawa sun daɗe suna jiran kuɗinsu.

A 2020 gwamnati ta kawo sabuwar doka mai lamba 1015 a madadin ta 1963. Tsohuwar dokar rushe kamfani kawai ta sani: a sayar da kadarorinsa, a raba kuɗin. Sabuwar ta ba da damar a naɗa ƙwararre ya riƙe kamfanin na ɗan lokaci. A wannan lokacin ana dakatar da masu bin bashi, ba mai zuwa ya kwashe kaya da ƙarfi. Sai a kira taronsu su zaɓa: a amince da tsarin biya a hankali, ko a rushe.

Idan aka rushe, akwai layi. Wanda ya riƙe jingina da aka yi wa rajista yana gaba. Albashin ma'aikata da harajin gwamnati ma suna gaban ɗan kasuwan da ya ba da kaya a kan amana. Mu ne a ƙarshen layi, kuma wanda bai kai shaidar bashinsa ga mai rushewar ba, ba za a lissafa da shi ba.

Saboda haka ina roƙonmu abu uku. Na farko, a rubuta kowane bashi, da kwanan wata da sa hannu da shaidu, a adana rasit da takardar mota. Addini ma haka ya umarce mu. Na biyu, kada ka zuba duk jarinka hannun mai saye ɗaya. Na uku, ka san matsayinka. Idan sunan kasuwanci kawai ka yi wa rajista, bashin kasuwa bashinka ne, yana iya cin gidanka da gonarka. Kamfani mai iyakantaccen alhaki yana raba dukiyarka da tasa.

Masu tsallakawa Togo da Burkina Faso, ku sani can dokar OHADA ce ke aiki, kuma takardunta da Faransanci suke. Ku nemi mai karanta muku kafin ku sa hannu.

Wanda kuma bashi ya yi masa nauyi, kada ya ɓuya. Ya zo ofis da wuri, mu zauna da masu binsa tun sauran jari bai ƙare ba.

Allah ya rufa mana asiri, ya sa albarka a fataucinmu.