Tsoron da ke bin mu har cikin ɗaki

Jama'ar Madarunfa, ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati,

Idan ana lissafin ɓarnar ƴan bindiga, shanun da aka kora ake ƙirgawa da kuɗin fansar da aka biya. Ni kuwa ɓarnar da ke aukuwa tsakanin miji da mata, da tsakanin wa da ƙane, nake so mu duba yau, domin babu hukumar da ke rubuta ta.

Shekaru ke nan satar mutane ta tsallako daga Katsina da Zamfara ta addabi ƙauyukan Gabi da Ɗan Isa. Ana cikin haka Najeriya ta rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka kuma sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. Mutumin da hanyar Maraɗi zuwa Jibiya ce gonarsa ya yi watanni yana kwana da bashi da fargaba.

Likitoci sun bayyana cewa jiki, in ya hangi haɗari, yakan saki sinadaran da ke sa zuciya bugawa da sauri, barci ya ƙaurace. Amfaninsu na ɗan lokaci ne, a tsere wa kura a huta. In haɗarin ya ƙi wucewa, sai hawan jini da mantuwa da saurin fushi su biyo baya. Maigida ba ya iya daka wa ɗan bindiga tsawa, ba ya iya daka wa mai binsa bashi, saboda haka a kan gishirin miya yake sauke wa uwargida. Ita kuma ta yi shiru, shirun ya zama hali. Yara su koyi gane ranar masifa daga takun ubansu a zaure.

Tsofaffin ma'aikata da ke zaune nan sun san wannan tun shekarun 1990, lokacin da albashi ke yin watanni bai fito ba, ga kuma karyewar darajar sefa a Janairu 1994. Kowannenku zai iya tuna auren da ya mutu a kan kuɗin cefane.

Fansa ta fi muni. An sako mutum, an yi murna, amma gidan bai manta wanda ya sayar da gonarsa da wanda ya ce ba shi da ko dala ba. Matar da aka sako kuwa takan tarar da zargi a idon dangin miji, abin kunya gare mu duka.

Mukan ce sammu ne, ko aljanu, a kashe ɗan abin da ya rage wajen neman magani. Roƙona ga ma'aikatan asibiti shi ne, in sun auna jinin mutum, su tambaye shi yadda yake barci da yadda gida yake. Limamai da hakimai masu sasanta aure su ma, kafin a kai ga saki, su tambayi mijin yaushe rabonsa da kwanan kirki.