Wa Ya Fi Surutu, Maza ko Mata? Jawabin da Aka Gabatar a Taron Ƙungiya a Keana

 

An ba mu 'yan mintoci mu yi magana a kan magana. Duk mun sha jin ana cewa mata sun cika surutu, har in namiji ya faye zance sai a ce "kai kamar mace". To, bari mu duba ko haka abin yake.

A 2006 wata likita a Amurka, Louann Brizendine, ta rubuta cewa wai mace tana furta kalma 20,000 a yini, namiji kuwa 7,000. Jaridu suka yi ta yayatawa, amma da aka nemi binciken da ta dogara da shi, sai aka tarar babu. A wani binciken da aka wallafa a 2007, Matthias Mehl na Jami'ar Arizona da abokan aikinsa sun rataya wa ɗalibai 396 'yar na'urar ɗaukar murya. Maza da mata duk suka tashi da wajen kalma 16,000. Wanda ya fi kowa zuba, mai kalma 47,000, namiji ne! Wani binciken da ya fi wannan faɗi, na 2025, ya nuna matan da ke tsakanin shekara 25 da 64 sun ɗara maza da kimanin kalma 3,000, wato a shekarun raino. Duk uwar da ta wuni da yara huɗu ai ta san inda kalmomin suka tafi.

Wannan can ke nan. A nan gida, abin lura shi ne inda ake maganar da sunan da ake ba ta. Mu maza mukan raba dare a majalisa ko teburin mai shayi, mu ce tattaunawa muke. Mata biyu su tsaya wajen niƙa, sai mu ce gulma. In kuwa aka zo taro irin wannan, inda ake yanke shawara kan kuɗin ƙungiya da makarantar yara, maza ke magana tun daga addu'ar buɗewa. Sai rana ta kusa faɗuwa a waiwaya a ce, "Mata, kuna da abin cewa?" Matar da ta tashi da kunya, ba ta faɗin sunan mijinta ko na ɗan fari, yaya za ta miƙe ta ja da surukinta a bainar jama'a? Sai ta yi shiru, mu kuma mu rubuta an amince.

Jama'a, asara muke yi. Keana gari ne na gishiri, kuma tun kaka da kakanni aikin yana hannun matan Alago: su ke tacewa, su dafa, su yanke farashi. Matanmu suna haɗuwa da su a ciniki da gidan biki da asibiti. In an sami saɓani tsakanin yaranmu da na maƙwabta, ko wata jita-jita ta fara yawo, sau da yawa kunnen mata take fara shiga. Mu da muke zaune a ƙasar Osana, zaman lafiya shi ne jarinmu, bai kamata irin wannan labari ya tsaya a tsakar gida ba. Kada kuma wani ya ce baƙon abu muka kawo. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta naɗa jajis suna bi ƙauye-ƙauye suna karantar da mata da baki.

Don haka muna roƙon shugabanni, mata su riƙa zamansu kafin taro, su zaɓi wakilai biyu. A ba wakilan dama su fara magana kafin dattawa, domin in babba ya riga ya faɗi, ba mai tankawa. Magatakarda ya rubuta abin da suka ce da sunansu. Mu maza kuma a yanka wa kowa minti biyar, har da mu masu wannan jawabi.