Kujerun Ministoci a Nijeriya: Rabon Jihohi ko Rabon Aiki?

 

An nemi in yi magana a kan yadda ake kafa Majalisar Zartarwa ta Tarayya, wato majalisar ministocin Nijeriya. Duk sa'ad da shugaban ƙasa ya aika wa Majalisar Dattawa sunaye, tambayar da ake yi a teburin mai shayi da dandalin hira ita ce, wa aka ɗauko daga jiharmu? Da wuya ka ji mai tambayar aikin da za a ba shi. Ina so in nuna muku cewa wannan ɗabi'a tamu daga dokar kanta ta samo asali.

A Jamhuriya ta Farko tsarin firayim minista muke bi. Ministocin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa 'yan majalisa ne, a zaurenta suke zama, a nan 'yan adawa suke titsiye su da tambayoyi. Muhammadu Ribaɗu ya riƙe tsaro, Festus Okotie-Eboh kuɗi, Maitama Sule ma'adinai da lantarki, Inuwa Wada ayyuka. Ƙawancen jam'iyyun NPC da NCNC bayan zaɓen 1959 shi ya tsara rabon kujerun. Da soja suka zo, Janar Yakubu Gowon ya jawo farar hula cikin gwamnati a 1967 da sunan kwamishinonin tarayya, ya danƙa wa Obafemi Awolowo ma'aikatar kuɗi, Malam Aminu Kano kuma sadarwa, daga baya lafiya.

Tsarin mulkin 1979 ne ya ɗora mu a kan tsarin shugaban ƙasa irin na Amurka, ya kuma shigo da ƙa'idar raba daidai tsakanin sassan ƙasa. Waɗanda suka rubuta shi sun ga juyin mulkin 1966, sun ga yaƙin basasa, sun san abin da tsoron danniya yake haifarwa. Tsarin mulkin 1999 ya gaji wannan ƙa'ida. Sashe na 14 ya hana wasu jihohi ko ƙabilu mamaye gwamnati, sashe na 147 kuma ya wajabta wa shugaban ƙasa naɗa aƙalla minista ɗaya daga kowace jiha, wanda ɗan asalinta ne. Sharaɗin cancanta shi ne na tsayawa takarar Majalisar Wakilai. Babban Lauyan Tarayya ne kaɗai aka gindaya wa sharaɗin sana'a, a sashe na 150: lauya mai shekara 10 aƙalla da samun izinin aiki.

To, ku lura da lissafin. A 1979 jihohi 19 gare mu. Suka zama 21 a 1987, 30 a 1991, 36 a 1996. Kowace sabuwar jiha ta zo da kujerar minista a hannu, ko akwai aikin da ke jiran ministan ko babu. Amurka da muka aro tsarin a wajenta manyan ma'aikatu 15 take da su. Mu kuwa Shugaba Muhammadu Buhari ya rantsar da ministoci 36 a Nuwamban 2015, ya rantsar da 43 a 2019. Shugaba Bola Tinubu ya aika sunaye 48 a 2023, majalisa ta amince da 45 a zagayen farko.

Idan mutane suka fi ma'aikatu yawa, hanya biyu ta rage. Ko dai a tsaga ma'aikata gida biyu ko uku, ko a ajiye babban minista da ƙarami a gini ɗaya. Buhari ya haɗe lantarki da ayyuka da gidaje a hannun Babatunde Fashola a 2015, ya cire lantarki a 2019, Tinubu kuma ya raba ayyuka da gidaje a 2023. Duk canji irin wannan sai an sake rabon ma'aikata, an kwashe fayiloli, an gyara kasafi, ɗan kwangila kuma yana yawo daga ofis zuwa ofis yana neman wanda zai sa wa takardarsa hannu. Shi kuwa ƙaramin minista, tsarin mulki bai ambaci muƙaminsa ba ko sau ɗaya. Idan shugaban ƙasa bai yanka masa aiki a rubuce ba, babban sakatare ba ya sanin wanda zai kai wa fayil, sai ma'aikata ta koma zaman 'yan marina, kowa da inda ya sa gaba. Festus Keyamo, wanda ya riƙe muƙamin, ya yi wannan ƙorafi a bainar jama'a a 2023.

Inda na fi ganin rauni shi ne wajen tantancewa. Galibi ana aika sunaye ba tare da ma'aikatun da za a ba su ba. Sanata yana kallon likita, bai sani ba ko lafiya za a ba shi ko sufuri, to me zai tambaye shi? Idan kuwa tsohon ɗan majalisa ne, sai a ce ya rusuna ya wuce. A Amurka da sunan mutum da kujerarsa ake turawa tare, kwamitin da ya san fannin shi ke yi masa tambayoyi. Gyaran da aka yi wa tsarin mulki a 2023 ya ba shugaban ƙasa kwana 60 bayan rantsuwa ya miƙa sunaye, don kada a maimaita jiran wata biyar da 'yan kwanaki da aka yi kafin rantsar da ministoci a 2015. Gyara ne mai kyau, amma bai taɓa wannan matsala ba.

Ba na cikin masu cewa a soke wakilcin jihohi. Ƙasa mai harsuna ɗaruruwa tana bukatar kowa ya ga nasa a teburin shawara. Abin da nake ba da shawara uku ne. A riƙa haɗa kowane suna da ma'aikatarsa kafin tantancewa. A rubuta aikin ƙaramin minista a fili, ko a soke muƙamin. Sannan kowane minista ya bayyana wa jama'a abin da ya yi alkawari da abin da ya cika a ƙarshen kowace shekara.

Mu ma da namu aikin. An kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo a 2024, abin da ya shafi makiyayi da manomi a kowace karkara tamu. Ɗalibanmu da 'yan jaridarmu da ƙungiyoyinmu su nemi kasafinta, su ga nawa aka ware, nawa aka saki, me aka yi da shi. Haka za a yi wa ilimi da lafiya da ruwa, ko ministan ɗan jiharmu ne ko ba namu ba ne.

 Allah Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, mu kuma Ya ba mu ƙarfin halin tambayarsu.