Dokokin Wurin Aiki: Na Aro Ko Na Gida?

Yau zan yi magana a kan takardar dokokin aiki, wato rubutacciyar ƙa'ida tsakanin mai sana'a da waɗanda ya ɗauka aiki.

Ƙungiyoyi da yawa idan sun sayi injin niƙa ko na casar shinkafa, sai su aika birni a kwafo musu dokokin wani ofis, su sa hannu, su ajiye a akwati. Takardar ta ce aiki daga ƙarfe 8 zuwa 4, Litinin zuwa Jumma'a. Amma a ƙauye mata suna kawo niƙa da sassafe ko bayan an taso daga gona, ranar kasuwa kuma ita ce ranar ciniki ko da ta faɗo Asabar. Takardar ba ta faɗi wanda zai riƙe kuɗi ba, ko wanda zai sayo man injin. Ranar da kuɗi ya ɓace babu abin dubawa, sai zargi, har 'yan ikkilisiya ɗaya su daina gaisawa. Kayan aro ba ya rufe katara.

Akwai abubuwan da ba mu da ikon canzawa, domin suna cikin Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1974. Dole a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin ya wuce wata 3 da farawa. Yana da hutun kwana 1 a cikin kowane kwana 7. In ya cika wata 12 yana aiki, yana da hutun aƙalla kwanakin aiki 6 tare da albashinsa. Wanda ya yi fiye da wata 3 amma bai kai shekara 2 ba, sai an ba shi sanarwar mako 1 kafin a sallame shi. Wanda ya kai shekara 5, wata 1. Waɗannan mu rubuta su yadda suke.

Sauran kuwa namu ne mu tsara. Ku zauna tare da ma'aikatan ku amsa waɗannan:

1. Wa zai karɓi kuɗi, wa zai rubuta a littafi? Kada ya zama mutum ɗaya.
2. Za a yi wa mutum niƙa bashi? Har mudu nawa?
3. Da damina, wace rana mai injin zai je gonarsa, wa zai tsaya masa?
4. Wace rana ce hutu? In akwai Musulmi cikin ma'aikata, a ware masa lokacin sallar Jumma'a kamar yadda muka ware Lahadi.
5. Wace riga za a sa kusa da bel? Babbar riga ko gyale suna iya jan mutum cikin inji. Yara ma kada su matso.

Ku rubuta amsoshin da harshen da kowa yake ji, kada su wuce shafi 2. A karanta da ƙarfi domin waɗanda ba su iya karatu ba, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, ya tafi da kofi ɗaya gida. Bayan girbi a sake zama, a gyara abin da bai yi aiki ba.

Allah ya sa albarka a aikin hannuwanmu.