Ciwon Gwiwar Iyayenmu: Hutu Ne Magani Ko Motsi?



Da wuya a sami wani a zauren nan wanda bai baro tsoho ko tsohuwa a gida ba, wanda in zai tashi daga tabarma sai ya dafa ƙasa, ya dafa bango, gwiwa tana ƙara. Mu kuwa don tausayi sai mu ce, "Baba, ku zauna ku huta," ƙarshen wata mu aika da ƙwayoyi. To, abin da muka zo faɗi yau shi ne, hutun nan da muke ɗora musu yana cikin abubuwan da ke ƙara musu ciwon.

Ciwon da muke nufi shi ne amosanin gwiwa, watau zaizayewar guringuntsin da ya lulluɓe kawunan ƙasusuwa a gaɓa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 365 ke fama da shi. Guringuntsi ba shi da hanyoyin jini. Daga ruwan gaɓa yake samun abincinsa, kamar soso, a matse shi ya fitar, a sake shi ya tsotsa. Gwiwar da ba ta motsi, ashe, gwiwa ce mai jin yunwa. Bugu da ƙari, tsokar gaban cinya ita ce ke tallafe gwiwa. Yawan zama kan raunana ta, nauyi ya koma kan gaɓa, zafi ya ƙaru, mutum ya ƙara zama.

Wannan ba zancen baka ba ne. A shekarar 2000, Gail Deyle da abokan aikinsa suka buga binciken da suka yi a asibitin soja na Brooke, a Amurka, kan marasa lafiya 83. Wani rukuni masu gashin ƙashi suka riƙa motsa musu gaɓa da hannu, suna miƙar da tsokoki, sau biyu a mako har mako huɗu, tare da darussan motsa jiki. Ɗayan rukunin aka yi musu jinyar je-ka-na-yi-ka. Bayan shekara guda, kashi 20 cikin 100 na rukuni na biyu sun kai ga tiyatar canjin gwiwa, na farko kuwa kashi 5 kacal. A 2020 kuma suka gwada gashi da allurar da ake yi cikin gwiwa a kan mutum 156, aka tarar bayan shekara masu gashi sun fi samun sauƙi.

Amma kada a ɗauka tausar jikoki da man zafi muke nufi, ko aikin maɗori, domin babu karaya a nan. Kuma ko hannun gwani bai isa shi kaɗai ba. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta faɗa a 2022 cewa aikin hannu sai tare da motsa jiki. Hannu yana sassauta gaɓa ne don mai ita ya iya aikinsa.

Aikin kuwa ba ya bukatar kuɗi. Tsoho ya zauna a kujera, ya miƙe ƙafa, ya ƙirga biyar, ya sauke a hankali. Ya tashi daga kujera ya koma ba tare da dafawa ba. Ya yi tattaki gwargwadon ƙarfinsa, kullum. Lalle ne mu gaya musu tun farko cewa zafi kan ɗan ƙaru a kwanakin farko, don kada su yi zaton mun cuce su. In kuwa gwiwa ta kumbura, ta yi zafi rau da zazzaɓi, ko ta ƙage, to, sai asibiti.

Ku kuma ma'aikata da tumbi ya fara leƙowa tun albashi na uku, ku sani kowane kilo guda da mutum ya rage yana sauke wa gwiwa kimanin kilo huɗu a kowane taku.